Goma a Kwano, Tara a Sikeli: Sharhi Kan Awon Man Kaɗe



Sharhinmu na yau kan man kaɗe ne, wanda wasu ke kira man kaɗanya. Ba za mu tsaya kan amfaninsa ba, domin wannan kowa ya sani. Da shi ake shafe jariri. Da shi ake maganin kaushi da faso idan hunturu ya kama. Ana girki da shi, ana sabulu da shi. Yau kan awonsa za mu yi magana.

Tambayar gajeriya ce. Kwano ɗaya na man kaɗe, kilo nawa ne? Bokiti ɗaya fa? Cokali ɗaya fa, giram nawa ne?

Wani zai ce wannan ai ƙaramar magana ce. To, a kan wannan ƙaramar magana ciniki kan lalace. A kanta sabulu kan ɓaci. A kanta akan kira mai gaskiya macuciya, alhali ba ta cuci kowa ba.

Bari in ba ku amsar tun yanzu, sannan mu bi ta daki-daki. Ku riƙe wannan jimla: goma a kwano, tara a sikeli. Lita 10 ta man kaɗe, idan aka ɗora a sikeli, kusan kilo 9 za ta ba da. Goma a kwano, tara a sikeli. Wannan ce maganar da za mu yi ta juyawa har ƙarshen shiri.

To, mu fara daga tushe.

Awo iri biyu ne. Akwai awon cika, akwai awon nauyi. Mudu, tiya, ƙwarya, gwangwani, ludayi, cokali, bokiti, jarka, duk awon cika ne. Suna gaya maka yawan wurin da abu ya cinye. Lita ma a nan take. Shi kuwa sikeli bai damu da wuri ba. Nauyi yake faɗa, da giram da kilo da tan.

Mutanenmu da yawa sun ɗauka lita ɗaya ita ce kilo ɗaya. Wannan zato yana da asali. Lokacin da Faransawa suka tsara awon kilo, wajen shekarar 1795, da ruwa suka kafa shi. Suka daidaita shi yadda litar ruwa za ta zo kilo ɗaya. Saboda haka ga ruwa maganar daidai ce. Amma ga ruwa kaɗai. Zuma ta fi ruwa nauyi, litarta ta haura kilo. Mai bai kai ruwa nauyi ba, litarsa ba ta kai kilo ba.

Kuma wannan ba sai an je makaranta ba. Duk matar da ta taɓa haɗa man kaɗe ta gani da idonta. A damina ake tsintar 'ya'yan kaɗanya. A cire naman, a dafa ƙwallon, a shanya, a fasa, a daka, a soya, a niƙa. Sannan a zauna a yi ta bugun ƙullun da hannu, ana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. Can sai man ya rabu, ya taso sama fari fat, ruwa da tsaki su koma ƙasa. Me ya sa man ke tasowa? Domin bai kai ruwa nauyi ba. Abin da uwa ta gani a cikin ƙwarya, shi ne masana suka auna suka ba shi lamba. Suka ce litar man kaɗe tana kaiwa wajen giram 900, ko ta ɗara kaɗan.

Wannan awon cika da awon nauyi, mun daɗe da sanin bambancinsu a wani fagen. Ku tuna zakkar fid da kai. Sa'i ɗaya ake fitarwa, wato mudun Nabi 4. Awon cika ne. Idan malamai suka zo mayar da shi kilo, sai ka ji sun ce ya danganta da irin abincin. Sa'in shinkafa daban, na gero daban, na dabino daban. Mazubin ɗaya ne, nauyin ya bambanta. Haka abin yake ga man kaɗe.

Wannan ke nan game da tushe. Yanzu mu je ga lissafin kansa.

Lissafin ba shi da wuya. Idan kin san cikar mazubinki, ki raba ta gida goma, ki cire gida ɗaya. Abin da ya rage shi ne nauyin man. Mu ɗauki bokiti mai cin lita 20. Kashi ɗaya cikin goma shi ne 2. A cire 2, saura 18. To, bokitin nan kusan kilo 18 na man kaɗe zai ɗauka. Shi ke nan.

Idan kuma ta baya aka zo miki fa? Mai saye ya ce kilo 10 yake so, ke kuma ba ki da sikeli. A nan ƙari za ki yi. Kilo 10 na man kaɗe yana bukatar wurin lita 11. Daga cika zuwa nauyi, a rage. Daga nauyi zuwa cika, a ƙara. Goma a kwano, tara a sikeli.

Wata za ta ce, ni ban san lita nawa kwanona ke ci ba. Ga hanya. Ki samo gorar ruwa wadda aka rubuta cikarta a jiki. Ki cika ta daidai inda kamfani ya cika, ki juye a kwanon, ki yi ta ƙirgawa har ya cika. Yanzu kin san cikar kwanonki. Idan kuma akwai sikeli kusa, abin ya fi sauƙi. Ki auna kwanon babu komai. Ki cika shi da ruwa ki sake aunawa. Bambancin da ya fito na ruwan ne, kuma kowane kilo na ruwa lita ɗaya ce.

Amma jama'a, a nan ne gizo ke saƙar. Wannan lissafi yana da sharaɗi. Ku kasa kunne da kyau.

Man kaɗe ba kamar man gyaɗa ba ne. Man gyaɗa kullum ruwa-ruwa yake, duk inda ka zuba shi zai kwanta ya cika lungu. Man kaɗe kuwa fuska uku gare shi. Akwai narkakke. Akwai daskararre. Akwai bugagge. Kowanne da yadda yake zama a kwano.

Mu fara da narkakke. Shi ne mai gaskiya a cikinsu. Yana kwanciya, ba ya barin rami. Idan aka zuba shi a mazubi, cikar da ka gani ita ce cikar da ke nan. Lissafinmu na goma da tara a kansa aka gina shi. Haka nan man da aka zuba yana narke, aka bar shi ya daskare a cikin mazubin. Shi ma lissafin yana kama shi. Sai dai za ku lura idan ya daskare yakan ɗan janye, tsakiyarsa ta lotsa. Ba wanda ya ɗiba. Mai mai zafi ya fi mai sanyi cin wuri, shi ya sa.

Sai daskararre, wanda aka yanko curi-curi ko aka ɓantaro gutsure-gutsure. A nan matsala ke farawa. Idan ka jera curi a kwano, tsakanin wannan da wancan akwai rami. Ramin nan iska ce a ciki. Ido na ganin kwano ya cika har ya yi tozo. Sikeli kuwa ba ya auna iska. Mace biyu za su cika kwano iri ɗaya. Ɗaya ta danna da ludayi, ɗaya ta jera a hankali. Nauyin ba zai zo ɗaya ba, kuma ba lallai ne wata ta yi niyyar cuta ba.

Lokacin shekara ma yana da hannu. Man kaɗe yana narkewa ne a kusan zafin jikin mutum, shi ya sa yake narkewa a tafin hannu. Da hunturu yakan yi tauri, ya ƙi dannuwa, ya bar ramuka da yawa. Da bazara, a watan Maris da Afrilu, yakan yi laushi ya kwanta da kansa. Ke nan kwanon hunturu da kwanon bazara ba nauyinsu ɗaya ba, ko da hannu ɗaya ne ya cika su.

Na uku shi ne bugagge. Wannan shi ne yayi a birane yanzu. Ana sa man a injin bugawa, a yi ta buga shi har ya tashi ya yi laushi, a zuba a 'yar roba mai kyau, a sayar wa masu gyaran fata da gashi. Ba laifi ba ne, yana da daɗin shafawa. Amma mene ne ya sa ya tashi? Iska ce aka cusa masa. Man da ya cika roba ɗaya, idan aka buga shi sosai, yana iya neman cika biyu. Nauyinsa kuwa yana nan inda yake. Don haka bugaggen mai ba shi da lissafin cika ko kaɗan. Shi sai sikeli.

To, ga sharaɗin a taƙaice. Goma a kwano, tara a sikeli, amma sai in babu iska a ciki. Idan ana son awon cika ya yi gaskiya, a narkar da man, ko a danne shi sosai a shafe bakin mazubin.

Wajen narkarwa ma akwai ladabi. Kada a ɗora shi kai tsaye a wuta mai ƙarfi, zai ƙone ya canza ƙamshi. A sa shi a kwano, a sa kwanon a cikin tukunyar ruwan zafi. Ya narke a hankali. A sauke, a bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, sannan a auna.

Yanzu mu juya ga wata tambaya. Wa wannan magana ta shafa? Me ya sa muka ɗauke ta da muhimmanci har muka kawo ta gidan rediyo?

Ta shafi mutum uku. Mai haɗa man a ƙauye. Mai yin sabulu. Da mai haɗa man shafawa a birni. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce uwarmu ta ƙauye. Itacen kaɗanya ba ko'ina yake fitowa a duniya ba. A Afirka kaɗai yake, a wani zirin ƙasa da ya taso daga Senegal ya bi ta Mali da Burkina Faso da arewacin Ghana, ya ratsa Najeriya da Chadi, har Sudan ta Kudu da Uganda. A Najeriya, jihar Neja ta yi suna da shi, haka Kwara da Kebbi da Kaduna. A Jamhuriyar Nijar ana samunsa a kudancin jihar Dosso, wajen Gaya. A duk waɗannan wurare, aikin kaɗanya aikin mata ne. Su ke tsinta, su ke daka, su ke bugu.

A kasuwar ƙauye, da ƙwarya da kwano da curi ake ciniki. Amma man ba a ƙauye yake tsayawa ba. Yana tafiya birni, yana tafiya masana'anta, yana ƙetare teku. Tun shekarar 2000 Tarayyar Turai ta yarda a sa wasu mayukan itatuwa a cikin cakulan, har kashi 5 cikin 100, kuma man kaɗe na cikinsu. Kamfanonin man shafawa ma suna nemansa. A shekarar 2011 aka kafa ƙungiyar masu harkar kaɗanya ta duniya, mai hedikwata a Accra. A watan Agustan 2025 kuma gwamnatin Najeriya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya zuwa waje na wata 6, domin a riƙa sarrafa shi a gida.

Me duk wannan ke nufi ga uwarmu? Yana nufin masu sayen manta suna ƙara zama masu sikeli. Masana'anta ba ta san ƙwarya ba. Kilo ta sani, da tan. Tsakanin ƙwaryar ƙauye da sikelin masana'anta akwai dillali. Shi ya san awo biyun. Yana saye da ƙwarya, ya nemi a yi masa tozo, ya nemi gyara. Sannan ya je ya sayar da kilo, inda ba tozo ba gyara. Ba mu ce duk dillali macuci ba ne. Shi ma yana da kuɗin mota da wahalar hanya. Amma wanda ya san awo biyu ya fi wanda ya san ɗaya ƙarfi a wajen ciniki. Idan mace ta san ƙwaryarta kilo kaza ce, kuma ta ji farashin kilo a birni, ta san inda za ta tsaya ta ce albarka.

Akwai kuma ɗaya gefen. Ƙungiyar mata ta karɓi oda, an ce a kawo kilo 20. Suka cika bokiti mai lita 20, suka aika da zuciya ɗaya. Aka ɗora a sikeli, aka cire nauyin bokiti, aka ga kilo 18. Mai saye ya ce an cuce shi. Su kuma suka rantse sun cika har baki. Kowa na da gaskiya, amma amana ta riga ta yi rauni. Kilo 2 ne kawai, sai dai suna iya raba ƙungiya da abokin cinikin da ta daɗe tana nema.

Mutum na biyu ita ce mai sabulu. Ke kam, 'yar'uwa, ki matso kusa da rediyo, domin taki ta fi ta kowa haɗari.

Sabulu haɗuwar mai ne da soda, wadda ake kira kostik. Kowane irin mai yana da adadin sodar da yake iya cinyewa, kuma da nauyi ake lissafa shi. Kilo ɗaya na man kaɗe yana cin wajen giram 128 na soda. Man kwakwa ya fi haka ci nesa ba kusa ba. Shi ya sa ba a musanya wani mai da wani a haɗin sabulu sai an sake lissafi.

To, a ce takardar haɗinki ta ce kilo ɗaya na man kaɗe. Ke kuma kika auna lita ɗaya. Man ya gaza da kashi ɗaya cikin goma. Idan ma curi-curi kika jera, giɓin ya fi haka. Sodar kuwa kin zuba ta cikakkiya. Ina ragowar sodar za ta tafi? Tana nan cikin sabulun, ba ta sami man da za ta ci ba. Sai ta ci fatar mai wanka. Daga nan ake jin sabulu na yi wa mutane zafi, yana busar da fata, yana sa hannu ya yi ta saɓa. Idan kuma man ne ya yi yawa, sabulun ya ƙi tauri, ya yi ta naso, daga baya ya canza wari.

Saboda haka a harkar sabulu, lissafin goma da tara bai isa ba. Shi kimantawa ne. Soda ba ta son kimantawa. Mai sabulu ta nemi sikeli, ko da ƙarami ne mai batir. Ta auna mai, ta auna soda, ta auna ruwa. Kuma tunda mun zo nan, a tuna: soda ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. A sa safar hannu, a kare ido, a kori yara daga wurin.

Mutum na uku su ne 'ya'yanmu masu haɗa man shafawa da man gashi. Da yawansu a intanet suke koyo, a YouTube da TikTok da Facebook. Haɗin da suke gani, galibi daga Amurka yake fitowa, kuma Amurkawa da kofi da cokali suke awo a gida. Kofinsu na awo yana cin kusan mililita 240. Ba kofin shayinmu ba ne, ba kuma kofin shan ruwa ba. A bi lissafinmu, a cire kashi ɗaya cikin goma. Kofin nan zai ba da wajen giram 215 na man kaɗe. Babban cokalin awo kuma mililita 15 yake ci, wato giram 13 zuwa 14. Da zarar an mayar da haɗin zuwa giram, a rubuta a littafi. Daga ranar, an huta da kofi.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata in nuna muku. Amurkawa suna da awon da ake kira oza, kuma oza biyu ce. Akwai ta nauyi, wajen giram 28. Akwai ta cika, wajen mililita 30. Suna ɗaya, aiki daban. Robobin da ake sayarwa na zuba man shafawa, lambar da ke jikinsu ta cika ce. Idan aka ce roba mai 250, ana nufin mililita. Man kaɗen da zai shige ta bai kai giram 250 ba. Idan bugagge ne, ya yi ƙasa sosai. Wadda ta manna takarda ta rubuta giram 250 don ta ga lambar a gindin roba, ta rubuta abin da babu. Ba ta yi niyya ba, amma ranar da mai saye ya ɗora a sikeli, niyya ba za ta cece ta ba. A auna abin da aka zuba, a cire nauyin roba, a rubuta abin da sikeli ya faɗa.

Yanzu bari mu saurari masu ja. Domin na san akwai mai cewa, Malam, ka cika yabon sikeli. Shi sikelin ba a cuta da shi ne?

Ana yi. Wannan gaskiya ce, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Akwai mai taɓa sikeli. Akwai mai mantawa da nauyin mazubi da gangan. Akwai kuma algus a cikin man kansa. Tunda ruwa ya fi mai nauyi, wanda bai tafasa mansa ya ƙone ruwan ba, nasa zai fi nauyi a sikeli. Irin wannan man ba ya daɗewa. Yakan yi wari, wani lokaci har ya yi fumfuna. Masu saye na ƙwarai suna gwada yawan ruwan da ke cikin mai kafin su biya, kuma mai ruwa farashinsa ƙasa yake.

Amma ku duba wani abu. Lissafin nan namu shi ne kuma maganin wannan cuta. Idan ka narkar da lita ɗaya ta man kaɗe, ka ɗora a sikeli, ka ga ta kai kilo ɗaya cif, kada ka yi murna. Akwai abin da ba mai ba a ciki. Ko ruwa, ko tsaki, ko wani gari da aka cuɗa. Ka narkar da kaɗan a kofin gilashi ka ajiye. Mai zai tsaya sama, baƙon zai kwanta ƙasa. Kwano shi kaɗai ana iya ruɗinsa da iska. Sikeli shi kaɗai ana iya ruɗinsa da ruwa. Idan aka haɗa su biyun, da wuya a ruɗe su tare.

Shi ma sikelin ana gwada shi. Ka ɗora masa abin da ka tabbatar da nauyinsa, kamar ƙullin sukari na kamfani mai kilo ɗaya da ba a buɗe ba. Idan ya faɗi daidai, madalla. Idan ya kauce, ka san da wa kake ciniki.

Akwai kuma mai cewa, matan ƙauye ina suka ga kuɗin sikeli? Kuma kakanninmu da ƙwarya suka yi ciniki, ba su mutu da yunwa ba.

Haka ne. Ba mu ce a fasa ƙwarya ba. Ba mu ce a jefar da kwano ba. Tsakanin maƙwabta, inda kowa ya san kwanon kowa, awon cika ya wadatar. Abin da muke cewa shi ne, kowace mace ta san nauyin kwanonta. Wannan ba ya bukatar ta mallaki sikeli. Sau ɗaya za ta je wurin mai sikeli a kasuwa. Ta auna kwanon babu komai. Ta cika shi yadda ta saba cikawa, ta sake aunawa. Ta cire na farko daga na biyu. Ta riƙe lambar a ka, ko ɗanta ɗan makaranta ya rubuta mata. Ta yi haka da hunturu, ta sake da bazara. Ƙungiyoyin mata kuma, masu adashi da masu taron mako, sikeli ɗaya ya ishi mutum ashirin. A haɗa kuɗi a saya, a ajiye wurin shugaba.

Kafin mu rufe, mu tuna cewa maganar awo ba ta kasuwa kaɗai ba ce. A cikin Alƙur'ani mai girma akwai sura guda da aka sa wa sunan masu tauye awo, Suratul Muɗaffifina. Ta ambaci awon mudu, ta ambaci awon sikeli, duka biyun. Mun kuma san labarin Annabi Shu'aibu, alaihis salam, da mutanen Madyana, waɗanda tauye awo na cikin laifukan da aka kama su da shi. Mafi yawan masu sana'ar man kaɗe mutanen kirki ne, ba sa son haƙƙin kowa. Sai dai mutum na iya tauye wani bai sani ba. Yana kuma iya tauye kansa bai sani ba. Sanin awo yana kare shi daga duka biyun.

To jama'a, mu tattara abin da muka faɗa. Kwano wuri yake aunawa, sikeli nauyi. Man kaɗe bai kai ruwa nauyi ba, don haka litarsa ba kilo ba ce. Goma a kwano, tara a sikeli. Wannan lissafi na narkakken mai ne, ko wanda aka danne babu iska. Bugagge sai sikeli. Sabulu ma sai sikeli. Kuma kullum a cire nauyin mazubi.

Iyayenmu mata masu tsintar kaɗanya, kun sha raɓar asuba, kun sha hayaƙin murhu, kun sha bugu har kafaɗa ta yi tsami. Kada wahalar nan ta zube a wajen awo. Ranar kasuwa mai zuwa, ku ɗauki kwanonku ku kai wa mai sikeli. 'Yan kasuwa masu saye, ku juya fuskar sikeli mai kaya ta gani da idonta, ku faɗa mata nauyin bokiti kafin ku cire. 'Yan makaranta da ke saurare, ku zauna da iyayenku yau da dare ku yi musu wannan lissafi, ku rubuta musu a takarda. Wanda ya ji kuma ya gaya wa wanda bai ji ba.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu. Allah ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, ya tsare mana namu.